Yadda Ake Sauya Tsohuwar Windows da Tsohon Office Ba Tare da Lasisi Ya Salwanta Ba

Kwamfuta takan shekara goma tana aiki lafiya lau. Word na buɗewa, Excel na lissafi, firinta na fitar da takarda, har mai ita ya manta wace Windows ce a kanta. Ba a tunawa sai ranar da burauza ta ƙi buɗe shafin banki, ko aka aiko da wani fayil ya ƙi buɗuwa. Daga nan sai gaggawa: a yi mata fomatin, a ɗora sabuwar Windows, sannan a farga cewa Office ɗin da aka saya da kuɗi ya bi tsohuwar, lambarsa kuma babu wanda ya san inda take.

Abin da ke jawo wannan asara shi ne mutane sun ɗauka manhajar suka saya, alhali izinin amfani da ita suka saya, wato lasisi. Izinin nan kuwa ɗaure yake da ɗaya daga cikin abu uku: ko da ita kwamfutar, ko da kai mai saye, ko da ma'aikatar da ta sayo da yawa a dunƙule. Wanda ya san inda nasa yake ɗaure ya yi rabin aikin. Shi ya sa a nan bincike ne a gaba, ɗora manhaja sai can baya.

Mataki na farko: karanta abin da ke kanta

Danna maɓallin Windows tare da R, akwatin Run zai buɗe, ka rubuta winver. Ƙaramar taga za ta nuna maka wace Windows ce da kuma ajinta, Home ce ko Pro ko Enterprise. Sake dannawa ka rubuta msinfo32, ka kwafe abu huɗu a takarda: sunan furosesa, yawan RAM, ko tsarin mai bit 32 ne ko 64, da abin da aka rubuta a gaban BIOS Mode in layin ya bayyana, Legacy ne ko UEFI, wato tsohon ko sabon tsarin da kwamfuta ke tashi da shi. Shi kuwa Office, buɗe Word ka shiga File sannan Account. A na 2010 sai ka duba File sannan Help.

Yanzu ka gwama abin da ka gani da ranakun da Microsoft ta daina yi musu facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga. Windows XP da Office 2003 sun fita ranar 8 ga Afrilu 2014. Vista ta bi su a Afrilun 2017, Office 2007 a Oktoban shekarar. Windows 7 ta fita ranar 14 ga Janairu 2020, Office 2010 ranar 13 ga Oktoba 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, Office 2013 ranar 11 ga Afrilu 2023. Sai babbar rana, 14 ga Oktoba 2025, wadda ta kwashe Windows 10 da Office 2016 da Office 2019 a tashi ɗaya. Office 2021 an yanka masa 13 ga Oktoba 2026.

Fitar wa'adi ba ta kashe manhaja, kuma ba ta soke lasisinka. Za ta ci gaba da buɗewa kamar jiya. Masu gadi ne suka tashi, duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga ranar a buɗe za ta zauna. An ga misalin haka a Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a faɗin duniya, har da na asibitocin Ingila, abin ya yi munin da sai da Microsoft ta koma ta fitar wa XP faci bayan shekara uku da sallamarta. Kada ka sa rai da irin wannan alfarma kullum. Sauran kamfanoni ma janyewa suke yi: Chrome ta tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 da 8.1, Firefox kuma a 115.

Mataki na biyu: gano irin lasisin da ke hannunka

A nan ya kamata ka zauna sosai. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta:

slmgr /dli

A layin bayani za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi uku.

In ka ga OEM, lasisin ya zo ne tare da kwamfutar daga masana'anta. Da ita zai rayu, da ita zai mutu. Kana iya canza rumbu ko ƙara RAM, kana iya sake ɗora Windows sau nawa ka ga dama, amma ba ka da ikon ɗauke shi zuwa wata kwamfutar. Babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne ake ɗauka a matsayin kwamfutar kanta.

In ka ga RETAIL, ma'anarsa wanda aka saya daban, a kwali ko ta intanet. Wannan naka ne, kana iya mayar da shi kan sabuwar kwamfuta muddin ka cire shi daga tsohuwar. Sai dai akwai ruɗani a nan: kwamfutar da ta hau Windows 10 kyauta daga 7 ko 8.1 takan nuna RETAIL ko da asalinta OEM ce. Asalin ake bi, lasisin OEM da ya hau sama yana nan a OEM ɗinsa.

In kuwa VOLUME ka gani, na ma'aikata ne. Iri biyu ne: MAK, lamba ɗaya da aka ƙayyade yawan kwamfutocin da za ta kunna, da KMS, wanda kwamfuta ke zuwa ta sabunta izininta a sabar ma'aikatar, kowane izini kwana 180. Rubuta slmgr /xpr ka gani. In ta ce an kunna dindindin, madalla. In ta ba ka ranar ƙarewa, alhali kwamfutar taka ce ta kanka ba ta wurin aiki ba, to akwai alamar wanda ya ɗora maka Windows da manhajar satar lasisi ya kunna ta. Gara ka sani yau, don babu abin da za ka ɗauka gaba, sabon lasisi za ka nema.

Sai maganar lambar lasisi, mai haruffa da lambobi 25 a rukuni biyar. A zamanin Windows 7 da magabatanta, tana kan sitika a ƙasan laftof, wani lokaci a ƙarƙashin batir, ko a gefen akwatin kwamfutar tebur. Ɗauki hotonta yanzu kafin ta ƙarasa gogewa. Daga Windows 8 aka daina rubuta ta a sitika, aka dasa ta cikin allon kansa. Ana fito da ita ta PowerShell:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select OA3xOriginalProductKey

In ba ta nuna komai ba, babu lamba a allon.

Ni kaina na taɓa cin karo da wannan. Na yi amfani da irin manhajojin nan masu tono lamba a wata laftof mai Windows 7, na kwafe abin da ta ba ni, na goge rumbun hankalina kwance. Ashe lambar gama-gari ce da masana'anta ke kunna dubban kwamfutoci da ita, ba ta sitikar ba, ita kuma sitikar rabi ta goge. Haka abin yake a Windows 10 da aka hau kyauta: manhajar tono za ta ba ka lambar da kowa ke da ita, ta Pro tana ƙarewa da 3V66T, kuma ba ta da wani amfani ita kaɗai. Abin da ke riƙe da irin wannan kwamfuta lasisin dijital ne, wato sabar Microsoft ta ajiye shaidar allonta. Shiga Settings, ka nemi Activation, ka tabbatar an rubuta cewa lasisin dijital ɗin yana haɗe da asusunka na Microsoft. In ba a haɗe yake ba, ka shiga da asusun ka haɗa. Shi zai cece ka ranar da aka canza allo.

Office ma yana da nasa umarnin:

cscript "C:\Program Files\Microsoft Office\Office16\OSPP.VBS" /dstatus

Office16 ya haɗa 2016 da 2019 da 2021, na 2013 Office15 ne, na 2010 Office14. In Office ɗin mai bit 32 ne a kan Windows mai 64, duba a foldar Program Files mai x86 a ƙarshen sunanta. Zai nuna maka irin lasisin da haruffa biyar na ƙarshen lambar kawai. Biyar ɗin ba za su ɗora maka Office ba, amma in kana da kwalaye da yawa za su gaya maka wane kwali ne na wace kwamfuta. Office 2007 da 2010 lamba da faifai ne rayuwarsu, kuma Microsoft ta daina ba da fayil ɗin ɗora su, don haka ka riƙe faifan. Daga 2013 zuwa sama, wanda aka saya a kasuwa galibi yana ɗaure da asusun Microsoft da aka fara shigar da lambar a ciki. Shiga account.microsoft.com ka duba sashen Services and subscriptions. Tambayar da ke kayar da mutane ita ce: da imel ɗin wa aka kunna shi? In na wani ma'aikaci ne da ya bar aiki, ko na mai gyara, ka warware wannan kafin ka taɓa komai.

Mataki na uku: kwashe kayanka, har waɗanda ba sa cikin Documents

Kowa ya san ya kwafe takardu da hotuna. Abin da ake mantawa shi ne na ɓoye. In kana karɓar imel ta Outlook a tsarin POP, mai sauke wasiƙu kan kwamfutar, wasiƙunka na shekaru suna cikin fayil mai ƙarewa da pst, kuma mai yiwuwa babu kwafinsu a ko'ina a duniya sai nan. Duba File, Account Settings, Data Files, zai nuna maka inda yake. Rubuta %appdata%\Microsoft a akwatin Run, ka kwafe foldar Templates, inda Normal.dotm yake, da Signatures, da UProof, inda ƙamus ɗin kalmomin da ka koya wa Word yake. Masu Excel su ɗauki Personal.xlsb daga Excel\XLSTART, can macro ɗinsu suke, wato umarnin da suka adana don maimaita aiki.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abu ɗaya. Tsoffin takardu da yawa an buga su ne da fon na musamman da aka ɗora wa ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomi. Da zarar fon ɗin ya ɓace, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi daban. Shiga C:\Windows\Fonts ka kwafe su. Daga baya, in ka samu sarari, ka mayar da takardun zuwa haruffan Unicode, tunda Windows ta yanzu tana da madannan Hausa a cikin saitin harshe.

In rumbun yana kulle da BitLocker, makullin rumbu na Windows, nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 ka rubuta ta a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba. Sannan ka ɗauki hoton rumbun gaba ɗaya zuwa wani rumbu na waje, ka buɗe kwafin ka gani da idonka cewa fayiloli na buɗuwa. Ka kuma leƙa shafin masu firinta da sikanarka, ka ga ko suna da direba, wato manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, na Windows ɗin da za ka hau. Sau da yawa tsohuwar sikana ce ke tsayar da tafiya.

Mataki na huɗu: wace hanya ce a buɗe gare ka

Hawa iri biyu ne. Akwai hawa a kan tsohuwa, inda sabuwar Windows ke zama bisa wadda take nan, fayiloli da manhajoji su tsira. Akwai kuma ɗorawa daga tushe, inda ake share komai.

XP da Vista ba su da hanyar hawa kai tsaye zuwa Windows 10, sai daga tushe da sabon lasisi. A gaskiya kwamfutar da aka ƙera don XP ba ta cancanci a saya mata lasisi ba, tsallaka zuwa sashen ƙarshe.

Windows 7 da 8.1 suna iya hawa 10 a kan tsohuwa. Microsoft ta ba da wannan kyauta daga 29 ga Yuli 2015 zuwa 29 ga Yuli 2016, amma ta bar ƙofar a sakaye har shekara bakwai, lambobin 7 da 8 suna ta kunna 10. A Satumban 2023 aka rufe ta. Duk bayanin da ka karanta a intanet mai cewa lambar Windows 7 na kunna 10 ko 11, tsohon labari ne. Sai dai in kwamfutar ta taɓa hawa 10 ta kunnu a wancan lokaci, ko da an dawo da ita 7 daga baya, lasisinta na dijital yana nan. Ɗora 10, ka zaɓi cewa ba ka da lamba, ka jona intanet, za ta gane kanta.

Aji yana bin aji. Starter da Home Basic da Home Premium suna komawa Home, Professional da Ultimate suna komawa Pro. In ka ɗora Pro a kan lasisin Home ba za ta kunnu ba, komai yawan gwaji. Tashi daga Home zuwa Pro mai sauƙi ne, canza lamba kawai a Activation. Saukowa daga Pro zuwa Home sai an share. Haka ma tashi daga bit 32 zuwa 64, babu hanya sai daga tushe, kodayake lasisin ɗaya ne ga duka biyun. In kana son manhajojinka su tsira, harshen faifan ɗorawa ya zama daidai da na Windows ɗin da ke kai, har bambancin Ingilishin Amurka da na Ingila yana hanawa.

Daga 7 ko 8.1 zuwa 11 kai tsaye, sai daga tushe. Daga 10 zuwa 11 kyauta ne, in kwamfutar ta cika sharaɗi.

Mataki na biyar: hawa Windows 11

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ba ta da sigar bit 32 sam. Tana neman RAM gigabait 4, rumbu gigabait 64, UEFI mai iya Secure Boot, wato tsaron lokacin tashi, da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin kwamfuta, sai furosesa daga cikin jerin da aka amince, wanda a taƙaice ya fara daga Intel zubi na takwas da AMD Ryzen 2000. Sauke PC Health Check, za ta faɗa maka abin da ya gaza.

Kada ka yanke ƙauna don ta ce babu TPM. A kwamfutoci da yawa yana nan, kashe shi aka yi. Rubuta tpm.msc ka duba, in bai bayyana ba ka shiga saitin BIOS ka nemi PTT in Intel ce, ko fTPM in AMD ce, ka kunna. In kuma msinfo32 ta nuna maka Legacy, kada ka ruga ka juya BIOS zuwa UEFI, garin neman gira a rasa ido, kwamfutar ba za ta tashi ba. Sai an fara juya tsarin rumbun daga tsoho, MBR, zuwa sabo, GPT. Windows 10 tana da abin yin haka ba tare da goge komai ba:

mbr2gpt /validate /allowFullOS

In ya ce lafiya, sai:

mbr2gpt /convert /allowFullOS

Bayan ya gama ne za ka sake kunna kwamfutar, ka shiga BIOS, ka mayar da ita UEFI, ka kunna Secure Boot. Kada ka sauya wannan jeri. In akwai BitLocker, dakatar da shi kafin ka fara.

Daga nan hawan kansa ba wuya. Ko dai ka jira tayin a Windows Update, ko ka sauke Installation Assistant daga shafin Microsoft. Mai son ɗorawa daga tushe ya yi amfani da Media Creation Tool da filash mai gigabait 8, ya kuma san cewa duk abin da ke filash ɗin zai tafi. Jona laftof da wuta, cire duk abin da ke maƙale ta USB in ban da na dole. Bayan ta hau, kana da kwana goma ka koma baya ta Settings, System, Recovery, muddin ba ka goge foldar Windows.old ba. A cikin kwanakin nan ka gwada firinta, sikana, manhajar lissafin kuɗi, da duk abin da aikinka ya dogara a kai.

Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan a tilasta wa tsohuwar kwamfuta Windows 11. Suna aiki, amma Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ɗauki alkawarin sabunta irin wannan kwamfuta ba, kuma daga sigar 24H2 tsohuwar furosesar da ba ta da fasahar SSE4.2 ko tashi ba ta yi. A ra'ayina, a kwamfutar gwaji babu laifi, amma ban da wadda ake biyan albashi da ita.

Wanda bai shirya ba an yi masa ɗan jinkiri. Shirin ESU na masu amfani a gida, wato ƙarin wa'adin tsaro, da farko an tsara shi ya ci gaba da kawo wa Windows 10 facin tsaro har 13 ga Oktoba 2026, da sharaɗin tana kan sigar 22H2 kuma an yi rajista da asusun Microsoft. Faci ne kawai, babu sabon abu.

Mataki na shida: Office ba shi da tsani

Wannan yana ba mutane mamaki. Tun daga Office 2010 Microsoft ta daina sayar da kwalin rangwame ga masu tsohon Office. Ko kana da 2007, ko 2013, ko 2019, mallakarsa ba ta rage maka komai a sabo. Zaɓi biyu ne. Ko ka sayi na dindindin, wato Office 2024, wanda ya fito a Oktoban 2024 kuma za a kula da shi har Oktoban 2029, na kwamfuta ɗaya. Ko ka shiga haya, wato Microsoft 365, wanda a da ake kira Office 365, kana biya wata-wata ko shekara-shekara. Personal na mutum ɗaya ne, yana iya shiga na'urori biyar a lokaci guda, da terabait ɗaya a OneDrive. Family har mutum shida. In ka daina biya, fayilolinka suna nan, za ka iya karantawa ka buga, amma ba za ka iya gyarawa ba. Yana kuma buƙatar ganin intanet kamar sau ɗaya a wata.

Mai kwamfuta ɗaya da wasiƙa da lissafi kawai yake yi, na dindindin ya fi masa. Mai na'urori da yawa, ko gida mai mutane da yawa, haya ta fi.

Ka lura da aji. Home and Student na da, da Home na 2024, ba su da Outlook irin na tebur, kuma lasisinsu bai yarda a yi kasuwanci da su ba. Home and Business ne na sana'a. Publisher babu shi a 2024, kuma a Oktoban 2026 aka tsara sallamarsa baki ɗaya, don haka mai fayilolin pub ya mayar da su PDF ko Word tun yana iya buɗe su. Ka kuma dubi wace Windows ce ke ɗaukar wane Office: 2010 ne na ƙarshe da ke hawa XP, 2016 na ƙarshen na dindindin a kan Windows 7, daga 2019 sai Windows 10 ko sama. Wato Windows ake fara gyarawa kafin Office.

In tsohon Office ɗinka kake son mayarwa kan sabuwar kwamfuta, ya halatta in na kasuwa ne. Home and Student na 2007 da 2010 mai faifai a kwali yana hawa kwamfuta uku a gida ɗaya. Daga 2013 aka mayar da shi ɗaya. Da farko ma an hana ɗauke shi, sai da masu saye suka yi ca aka sassauta a Maris 2013, aka yarda a matsar da shi sau ɗaya a kwana 90, ko kafin haka in kwamfutar ta lalace. Cire shi a tsohuwar, ka shiga asusunka a sabuwar ka sauke. In ya ce an cika adadi, tuntuɓi Microsoft.

Mataki na bakwai: ɗorawa da tsoffin fayiloli

Cire tsohon Office tukuna, ka sake kunna kwamfutar. Mai bit 32 da mai 64 ba sa zama tare, kuma ragowar tsoho ita ce ke sa sabo ya dinga neman lambar da ba tasa ba. Shigar da lambarka a setup.office.com, da asusun da ka san zai daɗe a hannunka, ka rubuta a takarda wane asusu ne ya riƙe wace lamba.

Sabon Office yana buɗe doc da xls da ppt na kafin 2007, amma a yanayin jituwa, inda wasu sababbin abubuwa ke kulle. File, Info, Convert zai mayar da su docx ko xlsx. A Excel bambancin babba ne: tsohon tsari layi 65,536 yake ɗauka, sabo 1,048,576. Yi juyin a kan kwafi, don shafuka kan ɗan gota. Masu rumbun bayanai na Access 97 su kula, tun daga Access 2013 aka daina buɗe shi, sai an bi da shi ta tsohon Access an juya shi tukuna, wato kafin ka cire tsohon. Macro ɗin da ke kiran ayyukan Windows kai tsaye yana buƙatar gyara da kalmar PtrSafe kafin ya yi aiki a Office mai bit 64, in suna da yawa ka ɗora mai 32 ka huta. In kuma a ofis wasu sun hau sabo wasu suna kan 2016 ko 2019, a guji XLOOKUP, sabon umarnin nema na Excel, a fayil ɗin da ake rabawa, tsofaffin ba su san shi ba.

Game da lambobin araha

Intanet cike take da masu sayar da lamba a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Alama mafi sauƙi ita ce sunan Professional Plus, ko Enterprise, ko LTSC: waɗannan ta hanyar lasisin ma'aikatu ake samunsu, ba a sayar wa mutum ɗaya a kasuwa. Galibi lambar MAK ce ake sayar wa mutane barkatai, ta kunnu yau, a toshe ta bayan watanni. Kunnuwa ba ita ce shaidar mallaka ba, rasit ne shaida. Gaskiya ne a 2012 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta halatta sake sayar da lasisin dindindin da aka yi amfani da shi, amma da sharaɗin mai shi na farko ya daina amfani da nasa kwafin, kuma hukuncin na yankin Turai ne. Mai sayarwa na ƙwarai zai nuna maka takardar asalin lasisin. Su kuwa manhajojin satar kunnawa, abu na farko da suke nema shi ne ka kashe riga-kafin bairos, ka ba su cikakken iko a kan kwamfutar da kake shiga banki da ita.

Kwamfutar da ba za ta hau ba

In burauza da rubutu ne aikinta, ɗora mata wani tsarin a maimakon Windows, kamar Linux Mint ko Ubuntu mai alamar LTS, wadda ake kula da ita shekara biyar kyauta, ko ChromeOS Flex. Ana iya gwada su daga filash ba tare da an taɓa rumbun ba, a ga ko wayafai da sauti da firinta suna aiki. LibreOffice, wanda ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, yana buɗe docx da xlsx kuma ba ya neman lasisin kuɗi, a kan Windows ma yana hawa. Takarda mai sauƙi za ta fito daidai, mai tebura da yawa da macro sai an bi ta da gyara. Saita shi ya dinga ajiya a docx in da masu Word kake hulɗa. Word da Excel na cikin burauza ma kyauta ne ga duk mai asusun Microsoft.

In kuma akwai wata tsohuwar manhaja ko na'ura da ba ta aiki sai da XP ko 7, bar mata kwamfutarta, amma ka zare ta daga intanet da layin ofis, ka ware mata filash ɗaya da ake bincikawa a wata kwamfutar kafin a soka. Ana iya mayar da tsohuwar Windows cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin taga, a kan sabuwar kwamfuta, sai dai ita ma tana buƙatar lasisinta, kuma na OEM ɗin tsohon injin ba ya bin ta can.

Wadda za ka sayar ko ka bayar kuwa, in lasisin Windows ɗinta na kasuwa ne kuma kana son tafiya da shi, rubuta slmgr /upk ka cire lambar, sannan slmgr /cpky. Cire Office, fita daga asusunka, ka cire kwamfutar daga jerin na'urorinka a shafin asusun Microsoft, sannan ka yi Reset this PC da zaɓin share komai tare da tsabtace rumbu. In OEM ne, bar sitikar a jikinta, lasisin na wanda ya karɓi kwamfutar ne.